Wuƙar Mai Takaba

La Goutte d'Or, Paris
Farkon Nuwamba

Zuwa ga ɗiyata Sahadatou,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da taubashiyarki Shamsiya. Yaya sanyin Lyon, yaya karatu? Mu nan alhamdu lillahi, sai gwiwar nan tawa da ta rantse sai ta ga bayana, da kasuwar shadda da ta yi sanyi kamar garin.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina, ni da rabona da alƙalami tun ina ƴar makaranta a lakkol ɗin Damagaram. Kuma na aiko ta labo ɗinku na Villeurbanne, ɗakin binciken da kike aiki, ban aiko gida ba. Da dalili. Ɗaki ɗaya kuke kwana da Shamsiya, waya kuwa ba ta da ƙyaure. In a tsaye kike, nemi wuri ki zauna.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya yi wa Badaru mijin Shamsiya rasuwa. Ranar Talatar da ta wuce, da la'asar, motarsu ta kife a hanyar Tanout, suna dawowa daga yi wa raƙuma allura. Direba ya tsira da karaya, shi kuwa ko shurawa bai yi ba. An yi masa sutura a Damagaram. Yaron kirki, mai fara'a, bai taɓa shigowa Paris ya fita bai zo ya gaishe ni ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kawunki Malam Hassoumi, uban Shamsiya, da A'i uwar mamacin sun zauna sun yanke shawara: kada a gaya mata sai ta gama sutnans, ranar da za ta tsaya gaban malaman jami'a ta kare littafin digirin nan da ta shekara shida tana fama da shi. Wata guda da ƴan kwanaki suka rage. In ta ji yanzu jirgi za ta hau, kuma kin san halinta, in ta tafi ta tafi ke nan, shekara shida sun bi ruwa. Shi marigayin ne ma ya matsa mata ta zo karatun, shi ya kai ta filin jirgi da kansa.

Allah ya taimake mu, tun damina ta fita daga duk wani gurup na waya don ta samu kan rubutu. An ja kunnen kowa a gida. Abin da za a riƙa faɗa shi ne yana daji arewa da Tanout inda babu rezo, waya ba ta shiga, kamar yadda ya saba ɓacewa in aikin allura ya taso.

Ni aka ɗora wa kayan, ni kuma na sauke a kanki, don ke ce ke ganinta safe da yamma. Ki yi kukanki a labo, ki wanke fuska, sannan ki koma gida. Na san bakinki, Sahadatou, ba ya ajiya. Wannan karon ki ɗinke shi. Ki lallaɓa ta, ki tattale ta, ki ga ta ci ta sha, kada ki ɓata mata rai ko da wasa. Amsa ma ta takarda nake so. Wannan kuwa in kin karanta ki yayyaga ta.

Wassalam.
Innarki,
Hajiya Mutmainna

*

Villeurbanne
Tsakiyar Nuwamba

Inna Hajiya,

Amin wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, ina yi miki sannu da gwiwa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma lafiyar jiki muna da ita.

Ban zauna ba, Inna, a tsaye na karanta. Wayyo Badaru! Mutumin da ke ce mini Madam Kwalba don ina aiki da kwalabe a labo. Na yi kukan, na wanke fuska, na hau jirgin metro zuwa gida Vaulx-en-Velin ina maimaita abin da zan faɗa. Da na buɗe ƙofa na same ta cikin takardunta, sai na ji bakina ya ce, "Sannu da aiki, Shamsiya." Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, "Yawwa, sannu." Ina yin yadda kika ce. Ni ke wanke-wanke, ni ke girki, ko "matar raƙumi" da nake kiranta tun ranar ɗaurin aurenta bakina ya ƙi faɗa.

Amma wallahi abin da wuya, kuma tez ɗin nata, littafin digirin nan, shi ne ya fi kashe ni. Kin san a kan tsofaffin littattafan Amirka take rubutu, na shekara ɗari da wani abu, labaran ƙananan garuruwa masu sanyi da mutane masu tsananin addini. Abu uku take bi a cikinsu: laifi, da wajibi, da so. Kullum bayan magariba sai ta tsaya ta gwada jawabinta a gabana. Da can barci nake yi, ko in ce mata turawan nan da suna surfe da ba su sami lokacin wannan baƙin ciki ba. Yanzu kuwa kowace kalma kamar da ni take. Jiya ta ce, "Mutanen littattafan nan ba cuta ke kashe su ba, abin da suka haɗiye ne. Mutum yana tsakanin abin da aka ɗora masa da abin da zuciyarsa ke so. Duk wanda ya bi, laifi zai biyo shi gida ya zauna da shi, har katakon gidan ya fara magana." Na tashi na ce shinkafa na ƙonewa, alhali ban ɗora komai ba.

Akwai kuma abin da nake jin kunyar rubutawa, ni mai karatun kimiyya. Kin san benenmu, muna hawa na bakwai, kuma asansar ɗinmu, na'urar da ke hawa da mu bene, malalaci ne, sai an danna an roƙe shi. To kwanakin nan, kullum da la'asar sai mu ji ya taso da kansa, ya tsaya a hawanmu, ƙofa ta buɗe, ta jima a buɗe, ta rufe. Na leƙa ba sau ɗaya ba, babu kowa. Na ce wa kaina waya ce ta lalace. Amma da zarar ya tsaya sai Shamsiya ta ajiye alƙalami, ta ɗora butar shayi, ta jera finjali biyu. Ni ba na shan shayi, ta sani. Na tambaye ta, ta ce sabo ne.

Sai kuma na tuna ranar Talatar da kika ambata. Ran nan ta dawo daga laburare fuskarta fayau, ta ce ta wuce tasharta a tram har sai da aka kai ƙarshen layi, ba ta san yadda aka yi ba. Na yi mata dariya a lokacin.

Yanzu ta cire ƴan kunnenta. Ta daina kwalli, ta daina turaren wutar da ke sa maƙwabta ƙorafi, kuma muryarta ta yi ƙasa. Inna, ina cikin tsoro. Kuma ina da tambaya: mace tana cikin takaba mun ɓoye mata, wa ke ɗaukar alhakin?

Ɗiyarki,
Sahadatou

*

La Goutte d'Or, Paris

Sahadatou,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai gwiwa ta kumbura, kuma takardarki ta ƙara mini da hawan jini.

Ashe kin gaya mata! Kada ki raina mini hankali da zancen asansar. Mace ta cire ƴan kunne, ta bar kwalli, ta bar turare, ta sassauta murya, me ya rage? Ni na yi takabar Alhaji a garin nan, na san kamanninta ko a duhu. Kin faɗa, ko kin yi kukan da ya fi faɗa, sannan kika zo kina kewaye-kewaye don in ce aljanu ne. Haba ɗiyar nan! Manya suka zauna suka ɗaure magana, ke kika kwance ta kafin mako ya zagayo? Da wane ido zan dubi Malam Hassoumi? In har kin faɗa, ki fito fili ki ce kin faɗa, mu san ta inda za mu tare ta kafin ta yanki tikiti.

In kuwa da gaske ba ki faɗa ba, to Allah ya yafe mini, kuma abin ya fi ƙarfin faɗana.

Tambayarki na kai wa Malam Salmanu na masallacinmu, ban ambaci suna ba. Ya ce idda tana tafiya tun ranar da miji ya cika, ko matar ta sani ko ba ta sani ba, kuma babu laifi a kan wanda bai sani ba. Da na ce to masu ɓoyewar fa, sai ya gyara hula ya ce Allah ne masanin niyya. Ka ji malamai.

Kadidiatou mai kai kaya Lyon za ta ba ki wannan takarda da ƙunshi guda. A ciki akwai shaddar da na yi wa Shamsiya alkawari tun bara don ranar sutnans, ruwan zuma, aikin wuya har ƙirji. Na juya abin a raina har kaina ya yi ciwo. In na aiko, na sa mai takaba ado. In ban aiko ba, ta san ni ba na saɓa alkawarin tufa, za ta tambaya. Na aiko. Alhakin a wuyana.

Cikin naɗin shaddar akwai wani ƙaramin ƙulli, ki cire shi kafin ki ba ta. Ƴar wuƙa ce mai ƙotar ƙaho. Ita uwata ta riƙe a takabarta, ita na riƙe a tawa. Malamai sun ce bidi'a ce, su faɗi nasu. Tsofaffinmu sun ce mijin da ya tafi ba shiri, yana son matarsa, yakan rasa hanya ya riƙa dawowa, kuma ƙarfe ne ke mayar da shi. Tunda ba za mu iya ba ta a hannu ba, ki sa mata ƙarƙashin matashi ba tare da ta gani ba. Ki yi Ayatul Kursiyyu a bakin ƙofa. Kada ki yi mini gardamar ƴan labo.

Innarki,
Hajiya Mutmainna

*

Villeurbanne
Farkon Disamba

Inna Hajiya,

Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da jiki. Ki gafarce ni da jinkirin amsa. Na rubuta na yayyaga, na sake rubutawa na yayyaga, don raina ya ɓaci ƙwarai, ga kuma ma'aikatan gidan waya sun shiga yajin aiki.

Wallahi tallahi ban faɗa ba. Ko hawaye ba ta gani a idona ba. Ni ma da na ga ta cire ƴan kunnen, ke na zarga, na ce ko kin kira ta zuciyarki ta karye. Daga labo na kira Kawu Hassoumi, ya rantse ba wanda ya yi magana a gida. Ya ce ranar Juma'a ma ta kira shi suka gaisa lafiya lau, ba ta ko tambayi Badaru ba. To Inna, matar da in ya kwana biyu bai kira ba take hana ni barci, yau ita ce ba ta tambayarsa. Ke ba ki faɗa ba, ni ban faɗa ba, gida ba su faɗa ba. Wa ya faɗa?

Shaddar ta iso. Ta warware ta, ta shafa aikin wuyan, ta ce in yi miki godiya. Sannan ta rataye ta a bayan ƙofa, ta juya gaban rigar ya dubi bango. Ta ce, "Ba yanzu ba."

Wuƙar kuma na sa ta inda kika ce. Ban yarda da abin ba, amma na sa. Inna, ranar asansar bai zo ba. La'asar ta yi, ta wuce, shiru. Shamsiya ta ɗora buta ta sauke, ta sake ɗorawa. Daga baya ta je ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta a kan mariƙi, har aka yi magariba. Ba ta ci abinci ba, ba ta buɗe littafi ba. Washegari ma haka. Rana ta uku da safe na sa hannu a aljihun rigar sanyina a metro, sai na ji ƙotar ƙaho. Na san ita ta sa mini. Da la'asar ɗin ranar asansar ya dawo.

Ranar Asabar na je kasuwa na dawo wajen la'asar. Na shiga asansar ni kaɗai. Kafin ya kai hawa na uku na ji warin. Kin san warin da ke jikin Badaru in ya dawo daga daji, maganin dabbobi haɗe da turarensa, wanda nake tsokanarsa da shi? Shi ne, ba wani ba. Ni aikina ke nan, sanin warin abubuwa. Na manne a kusurwa da ledar albasa a hannu ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Da na iso ƙofa na ji muryarta a ciki. Jawabin sutnans take yi, amma da Hausa. Sai ta yi magana ta yi shiru, kamar mai saurare, sannan ta amsa. Har dariya ta yi, irin ƴar dariyar nan ta mace da mijinta. Na tura ƙofa. Ta jawo kujera tsakiyar ɗaki, ta rataya mata manto, rigar sanyin da ya bari a nan da ya zo bara. Finjali biyu a kan tebur, duka babu komai a ciki. Mai yiwuwa ita ta shanye duka biyun, haka nake gaya wa kaina. Ta dube ni ba ko firgita ta ce, "Gwaji nake yi. Tambayoyinsa sun fi na malaman juri wuya."

Sannan ta ce in zauna. Ta ce akwai tambayar da take tsoron malaman su yi mata: a cikin littattafan nan, wa ya fi shan wuya, mai ɓoyewa ko wanda aka ɓoye wa? Ta ce, "Ke me kika gani, Sahadatou?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ki yi tunani, akwai sauran lokaci."

Inna, na rame. Jiya na fasa kwalba biyu a labo. Ban san ko tana sane ba, ko hankalinta ne ke taɓuwa, ko kuwa abin da tsofaffi suka faɗa ne. Abin da na sani shi ne muna cin tuwo a kwano ɗaya da ƙarya a tsakaninmu, kuma ina tsoron ranar da za ta ji ba za ta sake dubana ba. Don Allah, don Annabi, ki ba ni izini in faɗa, ko ki zo da kanki.

Ɗiyarki,
Sahadatou

*

La Goutte d'Or, Paris

Ɗiyata Sahadatou,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ɗawainiya. Na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Babba ba ya durƙusa wa yaro, amma ki ɗauka na durƙusa, da gwiwar da ta rage.

Ita ɗayar gwiwar kuwa, likita ya ce sai an yi mata aiki, kuma ya hana ni ko sauka bene, balle jirgin ƙasa. Ke nan ba zan zo sutnans ba. Na yi kuka a kan wannan fiye da kan ciwon.

Na karanta takardarki da rana, kanti cike da mutane, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Wuƙar ki bar ta a wurinki, kada ki sake sa mata. Wanda ya mayar da ƙarfe ya san abin da ƙarfe ke yi.

Izini kuwa ba zan ba ki ba. Ba nawa ba ne, na ubanta ne, na kira shi kuma ya ce a ƙarasa. An ci tuwo saura loma. Ni ma an yi mini haka. Ina jegon ɗan fari a garin nan uwata ta rasu, aka ɓoye mini har na yi arba'in, ina ta aika mata gaisuwa ana amsa mini da "tana amsawa". Da na ji na yi fushi, daga baya na gode musu. Ko dai in ce, na ce na gode.

Ga yadda za a yi. Ki bari ta gama, malaman su faɗi sakamako, baƙi su ci su watse. Kadidiatou za ta kasance a wurin, don kada a ce babu babba. Ku kai ta gida, ku zaunar da ita, ki fara da salati, sannan ki faɗa a hankali. Kada ki faɗa a tsaye, kada ki faɗa a hanya. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya ba ta haƙuri, mu kuma ya yafe mana in mun yi kuskure.

Innarki,
Hajiya Mutmainna

*

Vaulx-en-Velin
Ƙarshen Disamba

Gwaggo Hajiya,

Assalamu alaikum. Shamsiya ce. Ina gaishe ki, yaya jiki, yaya aka ji da aikin gwiwa? Allah ya sa kaffara ne. Sahadatou ta kasa riƙe alƙalami, shi ya sa na karɓa.

An yi sutnans, na ci, malaman sun yaba. Ki gaya wa Baba abin da ya so ya samu. Shaddar ta yi kyau, na gode, tana nan a ajiye. Rigar toka na sa.

Gwaggo, na sani. Tun farko na sani.

Ranar Talatar nan ina cikin tram da la'asar, kujerar gefena babu kowa, sai na ji ta nutsa kamar an zauna. Na ji warinsa. Na ji sanyi ya sauka a kafaɗata ta dama, inda yake ɗora hannu in zai yi mini sallama. Ban iya motsi ba har ƙarshen layi. Na ce wa kaina gajiya ce, na yi ta faɗa har na kusa yarda. Sai ga Sahadatou ta shigo wata rana da fuska a wanke ta ce mini, "Sannu da aiki, Shamsiya." Gwaggo, tun muna rarrafe yarinyar nan ba ta taɓa kirana da sunana ba. Ƴar ƙanwar ubana ce, haƙƙinta ne ta zage ni in rama. Ita ce ta ci mini nama a kwano ranar da aka kai ni ɗaki. Yau ita ce ke wanke mini kwano tana tambayata ko gishiri ya ji. Kun ce ta lallaɓa ni, ko? Taubashiyar da ta koma ladabi ai gawa ta gani. Da kun bar ta tana ce mini matar raƙumi, da wataƙila kun ci nasara.

Za ki ce me ya hana ni magana. Na farko, na gane umarnin Baba ne, kuma na san Inna A'i ta haɗiye kukan ɗanta a waya saboda ni. Kun ɗauki kaya don ni, sai na ga wajibina ne in bar ku ku kai shi inda kuka nufa. Na shiga takabata a ɓoye, kuna ɓoye mini ina ɓoye muku.

Na biyun ba wajibi ba ne, kuma ke kaɗai zan gaya wa. Muddin ba a faɗa da baki ba, yana zuwa. Kada ki tambaye ni ko da gaske ne. Shekara shida ina rubutu a kan mutanen da gidajensu ke yi musu magana, ina bayyana wa turawa cewa zuciyarsu ce. To ko zuciyar tawa ce, la'asar ta yi, asansar ya tsaya, ɗakin ya cika. Shi ya saurari jawabina tun daga farko har ƙarshe. Na yi duk abin da mai takaba ke yi, ban da wuƙa. Na san ta, na gan ta a hannunki lokacin Alhaji. Kwana biyun da ta yi ƙarƙashin kaina su ne kwanakin da na fi sanin na zama gwauruwa. Ga ta nan na karɓa wurin Sahadatou na ba Kadidiatou ta mayar miki. Ba raini ba ne.

Tambayar da nake tsoro kuwa an yi mini ita. Wata tsohuwar malama ce ta yi, mai farin gashi. Na duba cikin mutane na ga Sahadatou ta zama kamar tsinke, tana murza bakin gyale. Na ce mai ɓoyewa ya fi shan wuya, don wanda aka ɓoye wa yana da wanda zai yi fushi da shi, shi kuwa mai ɓoyewa ba ya da kowa sai kansa. Malamar ta rubuta wani abu. Ban sani ba ko gaskiya na faɗa, ko don Sahadatou ta ji na faɗa.

Mun dawo gida, Kadidiatou ta zaunar da ni, Sahadatou ta yi salati ta kasa ci gaba. La'asar ta kusa, ina jin asansar yana motsi a ƙasa. Da na yi shiru da ta yi shiru, da wataƙila har yau muna nan mu uku. Amma na dubi yadda ta ƙare, na ga ba zan riƙe mamaci in kashe mai rai ba. Na kama hannunta na ce, "Faɗi mana, Madam Kwalba. Faɗi da bakinki." Ta ce, "Badaru ya rasu." Muka ji asansar ya taso, ya iso hawanmu, ya wuce sama.

Bai sake tsayawa ba. Mai gadin bene ya ce a ranar aka zo aka gyara shi. To.

Ban riƙe kowa a zuciya ba, Gwaggo. Na san so ne ya sa. Abu ɗaya ne dai ke ci mini rai. Ana can ana zaman makoki a Damagaram, ana shiga ana fita, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in, kowa an yi masa gaisuwa har maƙwabta, ni matarsa ina hawa na bakwai ba wanda ya ce mini "ya haƙuri". Yanzu waya ba ta hutawa, amma kowa da "ki yafe mana" yake farawa, sai in koma ni ke ba da haƙuri. Sahadatou ma kuka kawai take yi. Jiya dai na samu ta ce mini shayina kamar wankin tukunya, na ji daɗi har na yi hawaye.

Zan ƙarasa takabata a ɗakin nan, tunda a nan ta same ni, sannan in je in ga Inna A'i da kabarinsa. In gwiwa ta warke ki zo, don Allah. Kada ki zo neman gafara. Ki zo ki zauna a tabarma, ki yi mini gaisuwa yadda ake yi wa kowace mace. Har yanzu hannuna na jera finjali biyu da la'asar, na kasa hana shi. In kin zo, na biyun naki ne.

Ɗiyarki,
Shamsiya